Turare Mai Sanyi da Ya Kama da Wuta

Ni 'yar gidan turare ce. A Damagaram aka haife ni, a gidan da ko kaza ta kwana sai ta fito da ƙamshi a fuka-fukanta. Kakata ce mai sana'ar. Tana daka jema da kajiji, ta soya farcen turare har ƙarninsa ya mutu, ta jiƙa itacen sandal a cikin mai, ta rufe tukunya ta manta da ita har damina ta zagayo. Tun ban iya ɗaura zane ba nake bambance almiski da jibda ido rufe. Don haka da aka kawo ni Abidjan ina amarya, 'yan shekaru kafin babban yaƙin Turawa na biyu, na zo da girman kaina, ina ganin babu ƙamshin da ya rage a duniya wanda hancina bai gaisa da shi ba.

Wari ne ya fara yi mini maraba. Unguwar Treichville da muka sauka, a wancan lokaci babu komai sai yashi da gidajen katako da kwano, ruwan lagun, wani babban tafki mai haɗe da teku, ya zagaye ta, hayaƙin bandar kifi yana bin mutum har cikin ɗaki. Ga danshi. Ki wanke zane da safe, har la'asar yana nan a jiƙe yana harararki. Takalmin fatar da na zo da shi daga gida ya yi fumfuna kafin in gama gane maƙwabta, na zauna na yi masa kuka kamar ɗan'uwa. A garinmu don ado ake sa turare, a nan kuwa na ga don rufin asiri ake sa shi.

Maigidana ɗan koli ne, yana da tebur a kasuwar Treichville, allura da zare da madubi da kwalli, amma rabin teburin turare ne, shi ya sa ma iyayenmu suka ga mun dace. Mutum ne mai sanyin magana, mai tsoron Allah har abin ya kai ga wahalar da kai. In yana alwala ƙuda ya sauka a hannunsa, sai ya tsaya yana tunanin inda ƙudan ya fito, daga nan ya sake daga farko. Nakan tsokane shi in ce ruwan randarmu ba mu muke sha ba, shakkarsa ce take shanyewa. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da abinsa.

Wata rana da yamma ya dawo da wata doguwar kwalba a naɗe cikin tsumma. Ya ce daga kantin wani ɗan Siriya ya samo ta, jirgin ruwa ne ya sauke a Port-Bouët. Ya ce in miƙo tafin hannu. Na miƙa ina taɓe baki, don abin da na gani a ciki ruwa ne tsararo, ni kuwa a sanina turaren kirki mai ne, mai nauyi, mai ɗumi, wanda in ya zauna a wuyan riga sai rigar ta tsufa da shi. Ya ɗiga mini.

Sanyi na fara ji. Ban taɓa sanin turare yana da sanyi ba, kamar an ɗora mini gindin randa a tafin hannu. Sai ƙamshin ya taso, ɓawon lemo sabon yanka, da wani fure da ban san shi ba, da wani abu can ƙasa mai kama da ganye bayan an ɗauke ruwan sama. Ina cikin kallo ruwan ya ƙafe a hannuna. Bai zube ba, bai shige fata kamar mai ba, tafiya kawai ya yi, ya bar hannun a bushe da ƙamshi. Na juya hannun ina neman inda ya bi. Tsigar jikina ta tashi. Na ce, "Wannan na mutane ne kuwa?" Maigida ya yi dariya, abin da ba ya yawan yi, ya ce shi ma haka ya tambayi mai kantin.

Odikolon muke ce masa. Wani mai jin Faransanci a gidanmu ya fassara mana wai ruwan kolon ne, wato ruwan Turawan nan masu gonakin koko da kofi da ake kira kolon. Muka yarda nan take, don a ganinmu wa zai mallaki irin wannan ruwa in ba su ba. Sai bayan shekaru masu yawa ɗana da ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya gaya mini cewa sunan wani birni ne a ƙasar Jamus, can wani mutum ya fara haɗa shi tun zamanin da, da ɓawon lemo da furanni da ganyaye, har manyansu na lokacin suna kurɓa a matsayin magani. Na ce ashe ba mu kaɗai abin ya ruɗa ba.

Kafin a jima odikolon ya zama abin yayi a cikin 'yan'uwanmu mutanen arewa. Maigida yana sayen babbar kwalba ya ɗura a ƙanana. Amma akwai kwalba ɗaya da ba ta sayarwa ba ce. Kowace Juma'a sai ya riga kowa zuwa, ya tsaya a ƙofar masallacinmu, duk wanda zai shiga ya miƙo hannu ya ɗiga masa, sadaka. 'Yan dakon da suka yi safiya suna ɗaukar buhunan koko, fatake masu goro, tsofaffin da ba su da mai wanke musu riga, kowa ya shafa a gemu da ƙirji ya shiga sahu yana ƙamshin lambu. Ni ban taɓa gani da idona ba, amma in maza suka taso, titinmu yakan riƙe ƙamshin har la'asar. Ina alfahari da shi ƙwarai, ko da yake ban taɓa gaya masa ba.

A shekara ta biyu Allah ya ba mu 'ya mace, 'yar fari. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, kunya ce. A gida akwai kakanni da goggonni da za su ɗauke miki wannan nauyi su yi ta lelen yaro. A Treichville babu kowa, daga ni sai ita a ɗaki, saboda haka a ɓoye na so ta, so mai yawa. Ta fara rarrafe, haƙora sun fara leƙowa, sai zazzaɓin damina ya kama ta. Ina jiƙa tsumma da odikolon ina ɗora mata a goshi, in ta ji sanyin sai ta buɗe ido ta dube ni. Wata safiya da hantsi ta cika.

Matan maƙwabta suka wanke ta. Maigida ya kawo farin alawayyo, ya ɗauko kwalbar nan ta Juma'a, cike take, ya juye ta duka a kan likkafanin, bai rage ko ɗigo ba. Aka fita da ita, ni ina ƙuryar ɗaki, mata sun kewaye ni suna yaba mini haƙuri don ban yi kuka ba. Mace ba ta bin gawa, don haka ban san inda aka kai ta ba, kunya kuma ba ta bar ni na tambaya ba. Abu ɗaya na riƙe, shi nake juyawa a zuciya in baƙin ciki ya taso: 'yata ta tafi wurin Ubangijinta da ƙamshin da ya fi duk wanda na sani, abin da ko 'ya'yan masu hali a garinmu ba su samu ba. Da wannan na ratsa daminar nan da ta bayanta.

Sai Goggo ta zo. Ƙanwar mahaifin maigida ce, tsohuwa gajera mai baki. Ta biyo ayarin fatake har garin Bobo, daga nan ta hau jirgin ƙasa, ta sauka tana zagin jirgin, tana zagin garin, tana tambayar wane laifi muka yi a gida da muka zo muka ɓuya a cikin ruwa. Ta zo ne don ina da ciki na biyu, ta ce ba za a sake haihuwa a danginta babu babba a kusa ba. Na ji daɗin zuwanta, duk da cewa tun ba ta huce gajiya ba ta canja wa kowane kwano wurin zama.

Ranar wata Juma'a da safe ana yayyafi, ɗakin ya yi duhu. Na hura garwashi a kasko, na kifa kwando a kai zan turara babbar rigar maigida kamar kullum. Goggo ta ce in matsa, ba 'yar yau za ta koya mata turara riga ba. Ta shaƙi turaren wutata ta ce danshi ya kashe shi. Sai idonta ya faɗa kan kwalbar da ke kan akwati.

"Wannan fa?"

"Odikolon ne, Goggo. A hannu ake shafa shi."

"Ke 'yar nan, turare duk turare ne, gidansa wuta."

Ta ɗaga kwandon, ta hura garwashin har ya yi harshe, ta tsiyaya. Mu da aka nuna mana yadda ake shafa shi, bai taɓa zuwa ranmu mu haɗa shi da wuta ba. Sai da aka sami wadda ta zo da iliminta daga gida.

Wuta ta tashi fuu, amma ba irin wutar da na sani ba. Shuɗiya ce, shuɗi mai haske kamar na zanen da aka tsoma a baba sau ɗaya, babu hayaƙi, babu ƙara, tana rawa a saman kaskon kamar ba ta taɓa garwashin ba. Inda ya ɗiga a daɓe ma wuta ce take tafiya, a wurin da babu abin da za ta ci. Ruwa ne fa, ruwa mai sanyi, yake ci kamar kananzir. Ban gudu ba, ban yi ihu ba, na tsaya baki buɗe, don ban taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro haka ba. Goggo ce ta ja da baya da kwalbar a hannu tana salati da ƙarfi, gefen rigar kuma ya ɗan babbake.

Salatin ya jawo mutanen gida. Cikinsu har da maƙwabcinmu, wani ɗan ƙabilar Jula mai aikin sauke kaya a Port-Bouët, mai Hausa guntu-guntu. Ya dubi kaskon, ya dubi kwalbar, ya fashe da dariya. "Kai, maigida, ba ka sani? Dolo ne ciki. Giya! Tubabu, Turawa, suna ce alkol. Mutanen jirgi, giya ya ƙare, wannan suna sha." Ya ce in ba mu yarda ba mu zuba giyar Turawa mai ƙarfi a wuta mu ga ko ba wannan shuɗin za ta yi ba. Ba da mugunta ya faɗa ba, shi a ganinsa labari ne mai daɗi.

Na dubi maigida. Yana tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu, fuskarsa ta koma kamar toka. Ya ce a hankali, "Najasa ke nan nake zuba wa Musulmi a hannu a ƙofar masallaci." Ranar nan da tsohuwar riga ya tafi masallaci, hannu wofi. Ya dawo ya ce mutane suna ta miƙo masa hannu yana sunkuyar da kai. Abinci ya gagare shi. Maganarsa ɗaya ce, sallolin mutane: waɗanda suka koma arewa, waɗanda suka rasu, ta ina zai bi su ya ce su rama?

Ni kuwa abin da ke cina ba salla ba ce. Salla ana ramawa, riga ana wankewa. Likkafani fa? Tun da Julan nan ya ce giya, abu ɗaya ya tsaya mini a ido, kwalba cike tana juyewa a kan farin alawayyo. Yarinyar da ba ta taɓa saɓon Allah ba, ko Inna ba ta iya cewa ba, mun naɗe ta a cikin giya mun miƙa. Abin da nake rarrashin kaina da shi, shi ya juyo ya zama abin da ya fi komai cina. Kuma ba wanda zan gaya wa, don 'yar fari ce, ba a san ni da maganarta ba.

Goggo kam ba ta ga laifinta ba, cewa take ma mu gode mata da ta tona asirin kwalba. Amma tsohuwa ce mai ido. Ta ga tuwo yana komawa daga gabana yadda ya zo. Ranar da maigida ya ce zai je unguwar Adjamé wurin wani babban malami ya yi tambaya, sai ta shigo ɗakina ta tsaya a kaina.

"Da wannan abin aka sallami yarinyar?"

Na gyaɗa kai. Sannan ta ce, "Tashi ki ɗaura zane, da mu za a je. In bakinki ya ƙi buɗuwa, nawa ba ya rufuwa."

Tafiya ce mai nisa ga mai ciki. Muka hau gadar nan mai iyo da ta haɗa Treichville da unguwar Turawa, tana numfashi a ƙarƙashin ƙafa duk lokacin da mota ta wuce, Goggo ta riƙe gefen zanena tana karanto duk addu'ar da ta sani. Muka ratsa ta gefen kantunansu, inda na hango kwalabe jere a bayan gilashi, dogaye da gajeru, wasu ruwan zuma, wasu kore, rana tana ratsa su. Ko a cikin wannan hali sai da na rage sauri. Daga nan muka haura Adjamé, muka kutsa cikin masu amalanke da huhunan goro har zauren malamin.

Tsoho ne ɗan ƙasar Adar, siriri, ya je Makka a ƙasa ya yi shekaru a hanya. Maigida ya zauna a gabansa a zaure, mu mata a bakin ƙofar ciki inda muna ji muna gani. Maigida ya ajiye kwalbar can nesa da buzun malam kamar ya kawo maciji, ya faɗi komai. Malam ya ce a miƙo masa. Ya buɗe, ya shaƙa, ya lumshe ido ya daɗe. "Tsarki ya tabbata ga wanda ya halicci hanci," in ji shi. Sannan ya ce wanda ya yi salla da najasa bai sani ba, in lokacin sallar ya fita babu ramuwa a kansa, balle wanda ya ba shi da niyyar alheri. Sallolin mutane suna nan inda aka rubuta su. Game da gaba kuwa, ya ce abu ne sabo, malamai za su yi ta ja a kansa, shi dai shawararsa a ƙofar masallaci a koma wa na mai don hankalin kowa ya kwanta.

Na zaci maigida zai yi godiya ya tashi. Ya yi godiyar, amma bai motsa ba. Malam ya dube shi, ya ga akwai saura, sai ya ƙi matsa masa, ya shiga hira.

"Kai da ke saida turare, ka san asalin almiski? Jini ne. Jini ne ke taruwa a cibiyar wata barewa can ƙasashen gabas masu sanyi, ya daskare, Allah ya juya shi ya zama abin da babu mai gardamar tsarkinsa. Ambar kuma daga cikin wani babban kifi yake fitowa, teku ta yi ta wasa da shi shekaru, rana ta gasa shi, sannan ta tofo shi a gaɓa. Jibda kuwa ba sai na faɗi daga inda ake kankaro ta a jikin magen jibda ba, akwai mata a wurin."

Goggo ta ce daga bakin ƙofa, "Allah gafarta Malam, ai mu muke kankarowa." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ya ba mu labarin wani gari a kan duwatsu kusa da Makka inda ya ga ana dafa furen wardi. Ya ce tun kafin rana ta yi zafi ake tsinko shi, a cika tukunyar tagulla, a rufe, a hura wuta. Tururin ya bi ta wani bututu da ke ratsa ruwan sanyi, ya koma ruwa, yana ɗiga a kwalba, a samansa kuma ɗan mai yana taruwa. Tulin fure ya kai ƙugun mutum, amma man da ya fito bai fi a lakata da yatsa ba. Ya ce wannan hikima ta kama tururi tsohuwa ce, ta bi hannun mutane da yawa, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, kafin ta iso cikin kwalbar nan. Ni jikar mai turare, na zauna ina saurare kamar ban taɓa ganin turare ba. Ashe rabin abin da kakata take haɗawa ya ratso teku da duwatsu da cikin dabbobi kafin ya zo hannunta, ita ma ba ta sani ba.

Da hirar ta lafa, Goggo ta zungure ni, ta buɗe baki za ta fara. Na riƙe hannunta. Ban san inda na sami ƙarfin ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, akwai yarinya." Muryata ta fito kamar ta wata. "'Yata ce, ta fari. Da shi aka jiƙa likkafaninta, kwalba guda." Maigida ya rufe fuska da hannun riga. A nan na gane abin da ya hana shi tashi. Ashe duk kwanakin nan da yake maganar sallolin mutane, shi ma likkafanin yake gani, yana ɓoye mini kamar yadda nake ɓoye masa.

Malam bai ce mini yaro ba shi da zunubi ba, ko da yake gaskiya ce, na kuma san ta, ba ta kuwa rage mini ciwo ba. Ya aika aka kawo masa ƙyallen farin alawayyo daga cikin gida. Ya tsiyaya masa odikolon har ya jiƙe sharkaf, ya rataya shi a kan sandarsa da ke jingine a bakin zaure. Sannan ya juya ga maigida. "Ba ni labarin ranar, tun daga ƙofar gidanka har kabari. Kada ka yi sauri, kada ka tsallake komai."

Maigida ya fara da ƙyar. Ya ce shi ya ɗauke ta a hannu, a naɗe cikin ƙaramar tabarma, don ba ta kai a ɗauko mata makara ba. A filin gaban masallaci aka yi mata salla, mutane sun fi yadda ya zata, har da 'yan dakon da suka ajiye kayansu suka shiga sahu. Daga nan suka bi ta bayan kasuwa, suka bar gidaje, suka kama wata 'yar hanya ta bakin lagun inda masunta ke shanya taru. Iska tana kaɗowa daga ruwa. Wani tsoho ya ce ya kawo ya karɓe shi ya huta, ya ƙi. Ya ce wurin farin yashi ne mai laushi, ba a sha wuyar haƙa ba, akwai bishiyoyin kwakwa biyu da suka karkata wajen ruwa, a inuwarsu aka sa ta, fuskarta alƙibla. Da hannunsa ya kwantar da ita, kuma sai da ya gyara mata ƙyallen a wajen kunci kafin ya fito.

Ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ina zaune a bakin ƙofar mutane, ina bin 'yata a baya, rakiyar da ban yi mata ba.

Malam ya miƙa hannu ya ɗauko ƙyallen. Ya bushe ƙayau. Ya ce, "Abin da ya sa giya ta zama najasa shi ne ƙarfin da ke cikinta na gusar da hankali. In wanga ƙarfi ya fita, hukuncin ya bi shi, haka muka karanta a gaban malamanmu. To wanga abu da kuke tsoro ba mazauni ba ne, ɗan aike ne. Shi ke ɗauko ƙamshin ya kawo, ya ajiye, ya tashi. Labarin hanyar kawai aka ba mu ya tafi, balle hanyar kanta, ga iskar bakin ruwa." Ya ba Goggo ƙyallen ta miƙo mini. "Shaƙa, ɗiyata, ki gaya mini abin da ya sauka kabari da ita."

Na kai ƙyallen hanci. Kaifin nan da ke fara dukan hanci in an buɗe kwalba babu shi, sanyin ma babu. Abin da ya rage ɗan ƙamshi ne mai laushi, furen lemo, da ɗumin rana a jikin alawayyo. Na shaƙa, na sake shaƙa, hancin nan nawa da nake taƙama da shi ya bi zare-zare bai sami komai ba sai fure. Sai kukan da na riƙe tun ranar ya ƙwace, a gaban malam, a gaban mijina, a gaban Goggo da ya kamata in fi jin kunyarta. Ba wanda ya ce in yi haƙuri. Goggo ta ja mayafinta ta rufe mu ni da ita, ina jin ƙirjinta yana rawa.

A hanyar komawa maigida yana gaba, mu muna baya, ƙyallen yana dunƙule a hannuna. Da muka kai tsakiyar gada sai ya tsaya, ya jira na iso daidai kafaɗarsa, abin da bai taɓa yi a titi ba. Ya ɗaga hannu ya nuna can gefen Treichville, bayan gidajen ƙarshe, inda kwale-kwalen masunta suke.

"Kin ga kwakwar can biyu?"

Na ce na gani. Masu kaya a ka suna ta ratse mu suna wucewa, Goggo tana tsaye a bayanmu gada tana motsi a ƙarƙashinta, ba ta ce mu yi sauri ba.